Jitar Katako Mai Eko a Cikinta: Yadda Za Ka Zaɓe Ta, Ka Kuma Zauna Lafiya da Batirinta

Na fara jin irin wannan jitar ne a wani ɗan ɗaki a Sabon Garin Kano, ɗakin da katifa da labule da jakunkunan kaya suka shanye duk wani amo. Abokina ya miƙo min ita, ya danne wani maɓalli a kafaɗarta, ya ce, "Kaɗa mu ji." Na ja tsirkiya ɗaya tak. Maimakon sautin ya mutu nan take kamar yadda aka saba a irin wannan ɗaki, sai ya tsaya a iska yana janyewa a hankali, kai ka ce a babban zauren taro muke bayan jama'a sun watse. Babu waya, babu lasifika, NEPA ma ba ta kawo wuta ba a ranar. Daga cikin katakon amon yake fitowa, har ina jin sa a haƙarƙarina.

Ban huta ba sai da na mallaki tawa, Yamaha FG-TA, kuma har yau ita nake fara ɗauka idan na dawo gida da daddare. A tsawon shekarun nan jitoci masu lantarki a ciki da dama sun bi ta hannuna, na yaran da nake koya wa kiɗa ranar Asabar da na abokan sana'a. In ka cire kaɗan, duk wadda aka kawo min da matsala, batir ne silar ta. Jitar katako mai kyau tana iya shekara hamsin tana ƙara daɗin murya. Lantarkin da aka dasa mata kuwa dangin wayar hannu ne, da wuri yake tsufa. An haɗa mai dogon kwana da mai gajeren kwana a jiki ɗaya, kuma wannan ne nake so mai saye ya auna tun kuɗinsa suna aljihu.

Wace iri ce a hannunka

Mutane kan haɗa abubuwa uku su kira su da suna ɗaya, alhali cin batirinsu ya sha bamban.

Akwai jitar da fikof kawai aka sa mata, wato abin ɗaukar sauti. Galibi wani siririn abu ne kamar zare da ake shimfiɗawa ƙarƙashin farin ƙashin nan da tsirkiyoyi suka hau, abin da masu garaya ke kira jaki. Duk motsin da tsirkiya ta yi tana matsa shi, shi kuma ya haifar da 'yar wuta mitsitsiya. Wutar ba ta da ƙarfin bin doguwar waya ba tare da sautin ya rame ba, shi ya sa ake haɗa shi da 'yar na'urar ƙara ƙarfi, wadda za ka ga maɓallanta a gefen jitar ko a leɓen ramin da ke fuskarta. Ita ke cin batir, yawanci mai kusurwa huɗun nan na bolt 9. Cinta kaɗan ne ƙwarai. Yawancin na kamfanonin Fishman da LR Baggs da Taylor a nan suke, kuma batir ɗaya kan yi awoyi masu yawa, a wasu har ɗaruruwa. Sai dai in ba ka jona jitar da lasifika ba, wannan na'urar ba ta ƙara maka komai.

Ta biyu ita ce wadda na ba da labari. Tana da fikof ɗin, sannan an manna wata 'yar na'ura a katakon baya ta ciki. Ni magirgiza nake ce mata. Fikof ya ɗauki sautin tsirkiya, ƙaramar kwamfutar da ke ciki ta ƙara masa amsa-kuwwa, wato eko, sai magirgizar ta girgiza bayan jitar da wannan sabon sautin. Jikin jitar ne ya zama lasifika ke nan. Yamaha sun fara wannan dabara a piyano, suka kawo ta jita a 2016 da LL-TA da LS-TA, da sunan TransAcoustic. A nan lissafin batir ya canza gaba ɗaya. Ƙara wa sauti ƙarfi a cikin waya aiki ne maras nauyi, girgiza katako kuwa aikin ƙarfi ne, bambancin mai tankaɗe da mai daka. Batir biyu na AA, irin na agogon bango, kusan awa 10 suke yi a tawa idan nagari ne.

Cikin wannan rukuni akwai wadda ake liƙawa daga waje, ToneWoodAmp ta Amurka. Ana manna wani abu mai siffar X mai maganaɗisu a cikin jitar, akwatin kuma ya kama bayanta ta waje, in ka gama ka ɓalle shi. Samfurin farko batir uku na AA yake ci, kuma dole jitarka ta zama tana da fikof tun asali. Ga wanda yake da jitar da ba ya son rabuwa da ita, hanya ce mai kyau, don ranar da akwatin ya lalace jitar ba ta san an yi ba.

Ta uku kuwa su ne na zamani masu batirin caji a ciki kamar waya: HyVibe da ke cikin jitocin Lâg na Faransa, Lava Me 3 ta China mai allon shafawa a gefenta, wasu na Enya, da TAG3 C da Yamaha suka fitar a 2024. Waɗannan suna da Bluetooth, suna iya naɗar abin da ka kaɗa su riƙa maimaita maka shi kana ɗora wani a kai. Abin sha'awa ne, kuma a kansu ne na fi yin taka-tsantsan. Zan dawo gare su.

A shago

Ka fara kaɗa ta a kashe. Wannan ita ce shawarar da na fi maimaitawa kuma aka fi ƙin bi, don mai shago zai kunna ekon kafin ya miƙo maka, kuma eko yana rufa wa mummunar jita asiri kamar yadda yaji ke rufa wa nama mai kwana. Ka roƙe shi ya kashe. Ka zauna da ita minti goma haka nan. Idan muryarta ba ta shige ka ba tana katako zalla, ka ajiye ta, domin wata rana haka za ta koma, katako zalla, ko ka so ko ka ƙi.

In ta ci wannan jarrabawar, sai ka ce a nuna maka mazaunin batir, kuma kai za ka buɗe da hannunka. A tawa yana ƙasa, haɗe da ramin da ake soka waya, ana zaro shi cikin daƙiƙa biyar. A wasu kuwa batirin yana cikin wata 'yar jaka da aka manna can ciki kusa da gindin wuyan jitar, sai ka sassauta tsirkiyoyi ka zura hannu ta ramin kafin ka kai gare shi. Ba aibi ba ne, amma gara ka sani yanzu da ka sani a gaban jama'a.

Yawancin jitocin da ke zuwa mana na gwanjo ne, sun yi watanni a sito da kwantena cikin zafi, sau da yawa da batir a ciki. Don haka ka haska fitilar wayarka a mazaunin batirin. Ƙarafunan da batir ke taɓawa su kasance suna sheƙi. In ka ga fari-fari kamar garin kanwa, ko kore-kore, ko tsatsa, an taɓa yin yoyo a wurin. Ka haska cikin ramin ma, ka ga ko wayoyin suna ɗaure ko suna lilo. Ka ɗaga jitar ka ɗan jijjiga ta a hankali kusa da kunnenka; bai kamata komai ya yi ƙara ba.

Ka je da sabon batirinka da wayar jona jita da lasifika. Sau nawa aka ce min, "Ai lafiyarta ƙalau, batir ne kawai babu." Mai yiwuwa gaskiya ne, amma batir biyu a aljihunka sun raba gardama. Ka kunna ekon, ka bi kowace tsirkiya daga sama har ƙasa, gaɓa bayan gaɓa, kana sauraron zizar da ba ta kiɗa ba. Magirgiza tana tona asirin duk abin da ya saki a jikin jita, ko noti ne a kan maɗaurin tsirkiya, ko waya ce ke taɓa katako, ko ɗaya daga cikin sandunan da aka tokare katakon da su ta ciki ya fara ɗagowa. Noti da waya gyaran minti biyar ne. Sandar ciki kuwa sai gwani.

Saita maɓallan

A irin tawa maɓallai uku ne. Ɗaya na kunnawa, shi ne kuma na ƙarar da ke fita ta waya. Ɗaya an rubuta masa Reverb: daga farko zuwa tsakiya yana ba ka amon ƙaramin ɗaki, da ya wuce tsakiya sai ya koma na babban zaure. Na ukun Chorus, shi ke sa tsirkiya ɗaya ta yi kamar biyu ne suke tafiya tare da ɗan saɓani, abin ya yi kama da jita mai tsirkiya goma sha biyu.

Kowa a makon farko ƙurewa yake yi. Bayan nan kunne ya gaji. Ni inda na tsaya shi ne amon ɗaki kaɗan, wanda ba ka lura da shi sai an kashe, Chorus kuma kusan a rufe sai in ina kaɗa waƙa mai sanyi da yatsu. Kiɗa mai sauri da bugun ƙarfi ba ya son eko mai yawa, sautukan hawa kan juna suke yi su zama kunu. Sannan gwargwadon yadda ka buɗe maɓallan kake kuma dukan tsirkiya, gwargwadon aikin da magirgiza ke yi, batir kuma ya bi.

Akwai wani abu da na daɗe ban gane ba. Wata rana ekon ya cika, wata rana ya yi rauni, ga batir sabo. Ashe zamana ne. Tunda bayan jitar ne ke girgiza, duk lokacin da na matse ta a cikina na danne ta da damtse, na toshe mata baki ke nan. Ka ɗan karkato ta, ka bar iska tsakanin katakon da rigarka, za ka ji ta buɗe.

Kada kuma ka ɗauka wannan na'ura za ta maye maka gurbin lasifika. Daɗi take ƙarawa, ba ƙara ba. A falo ko aji ko zaman mutum goma tana yin abin mamaki. A filin biki kuwa babu mai ji sai kai. In an jona ka da na'urar mai sauti, wato mai kula da lasifikokin taro, ka rage naka ekon sosai ko ka kashe, don shi ma yana da nasa, zauren ma yana da nasa, kuma jita mai rami ba ta da wuyar fara kuka idan lasifika na fuskantarta.

Batirin da ake cirewa

Wata Asabar bayan dogon hutu, wani ɗalibina ya shigo rungume da jitarsa, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malam, ta mutu. Na danna, na danna, ko fitila ba ta kawowa." Na ce, "Yaushe rabonka da cire batirin?" Ya ce tun da yayansa ya saya masa bai taɓa buɗe wurin ba. Da ƙyar murfin ya buɗu. Batiran biyu sun kumbura, farin gari ya daskare a gindinsu, ɗaya daga cikin ƙarafunan masu lanƙwasa ya koma kore, da na taɓa shi da tsinken sakace sai ya karye. Yaron ya tsaya a kaina yana kallo bai ce uffan ba. Kuɗin jitar nan yayansa ya daɗe yana tara su.

Ga abin da ya faru. Batirin da ya ƙare aka bar shi a ciki yana tara iska a jikinsa har murfinsa ya saki, ruwan ciki ya tsiyayo. A batirin alkalin ruwan nan ɗan uwan sodar sabulu ne mai cin hannu, in ya sha iska ya bushe sai ya zama farin garin nan, dangin abin da ke cikin ruwan toka. Saboda haka maganinsa abu mai tsami. Na sa leda a hannuna, na zaro mazaunin batirin gaba ɗaya, na jiƙa audugar goge kunne da ruwan lemun tsami na riƙa dangwalawa. Za ka ga yana 'yar kumfa, alamar yana aiki ke nan. Bayan nan na goge da sifirit, na kankare ƙarfen da takardar yashi mai laushi har ya yi haske, na bar shi ya bushe sarai. Ko ɗigo kada ya sauka a fentin jita ko a allon lantarkin, kuma kada ka kai hannun ido. Ƙarfen da ya karye, wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ya ciro makamancinsa daga mataccen rimot ya liƙa da dalma. Da fitilar ta kawo, yaron har ƙasa ya durƙusa yana cewa, "Baba, Allah ya saka da alheri." An yi sa'a ruwan bai bi waya ya kai allon ba. Na ga wadda ya kai, kuma ba ta tashi ba.

Don haka duk jitar da za ta yi fiye da mako biyu ba a taɓa ta ba, a cire mata batir. Batirin da ya ƙare kuma ko kwana ɗaya kada ya ƙara a ciki.

Sai zaɓen batir. Ka karanta jikinsa, kada launin kwali ya ja ka. A girman AA, wanda aka rubuta wa LR6 shi ne alkalin. Wanda aka rubuta wa R6 kawai, sau da yawa tare da kalmomin Heavy Duty, shi ne mai arhar nan na rediyo da agogo. A agogon bango zai yi watanni, amma magirgiza tana jan wuta da yawa lokaci guda, shi kuma ba ya iya bayarwa, nan da nan zai zube. Ya kuma fi saurin yoyo, nasa ruwan mai tsami ne, in ya zuba bekin soda da ɗan ruwa ake goge shi da shi, ba lemun tsami ba. A na bolt 9, 6LR61 ne alkalin, 6F22 ne mai arhar. Ka duba ranar ƙarewar aiki, ka kuma auna a tafin hannu: alkalin na gaske yana da ɗan nauyi, jabu kuwa shafal yake. Kada ka haɗa sabo da tsoho, kada ka haɗa iri biyu. Mai ƙarfin zai yi ta tura wuta ta cikin mai raunin har ya fashe shi.

Ni tuni na koma masu caji na NiMH, irin Eneloop, guda huɗu: biyu a jita, biyu a jaka. Bolt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, tawa tana karɓarsu lafiya, amma ka duba takardar taka kafin ka saya. Halinsu ɗaya da ya kamata ka sani: alkalin a hankali yake raguwa yana ba ka alama, su kuwa suna riƙe ƙarfinsu har kusan ƙarshe sannan su faɗi farat ɗaya. Fitilar gargaɗi ba ta ba ka lokaci mai yawa.

Gargaɗin da nake so a ji da kyau shi ne na wani batirin caji na lithium da ake sayarwa don tocila, lambarsa 14500. Girmansa daidai da AA, yana shiga mazaunin cif, amma bolt 3.7 ne. Biyu sun haura bolt 7 a wurin da aka gina don bolt 3. Sau ɗaya ya isa ya ƙona allon. Akwai kuma na bolt 9 masu ramin USB a jiki. Wasunsu suna sa wani siririn tsiwa a lasifika saboda na'urar ɗaga wuta da ke cikinsu, don haka ka gwada a gida kafin ka fita da shi.

Saura babban mai kashe batir a jita mai fikof, wato waya. Yawancin waɗannan na'urori ba su da makunni. Kan wayar da ka soka shi ne makunnin, shi ke haɗa ƙarafu biyu a cikin ramin wutar ta zagaya. Muddin waya na jiki, na'urar a kunne take, ko ɗaya kan wayar yana yashe a ƙasa, ko lasifika a kashe. Mu ƙaddara na'urarka tana shan wuta miliyamfiya 2 a kowace awa, batirin kuma yana ɗauke da kusan 500: awa 250 ke nan. Ga mai kaɗa awa ɗaya a rana, wata takwas. Ga wanda ya jingine jitar a situdiyo da waya a jiki, kwana goma. Da ka gama, zare waya daga jikin jitar.

Alamar batirin bolt 9 ya kusa shi ne sautin ya fara tsagewa idan ka buga da ƙarfi, alhali a hankali lafiya yake. Mutane da yawa kan zargi lasifika ko waya. Lasar batir da harshe ba ta gaya maka komai sai cewa da sauran wuta. Ka sayi 'yar mitar nan ta masu gyaran rediyo. Sabo yakan nuna kusan 9.5; ni da ya sauka ƙasa da 8 nake mayar da shi gwaji a gida, ba na hawa dandamali da shi. Ina kuma manna 'yar takarda a jikin kowane batir in rubuta ranar da na saka shi.

Masu batirin caji a ciki

Tambaya ɗaya nake yi wa mai sayarwa: idan batirin nan ya mutu, yaya ake canza shi, kuma a ina zan samu? Domin zai mutu. Batirin lithium yana raguwa da yawan caji, yana kuma raguwa da shekaru ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana gaggauta duka biyun. Duk mai wayar da ta shekara uku ya san wannan. In batirin yana zaruwa da filogi, kuma girmansa na kowa da kowa ne, hankalina ya kwanta. In kuwa an binne shi inda sai an aika jitar wata ƙasa, to ka saya da sanin cewa bayan wasu shekaru ƙila katakon ne kaɗai zai rage maka. Haka nan in saitin sautin sai ta manhajar waya, ka tabbatar ana iya amfani da jitar ba tare da manhajar ba, don kamfani na iya daina sabunta ta.

In ka riga ka mallaka, abin da ke tsawaita ran batirin sananne ne. Kada ka bar shi a sifili na tsawon watanni, don yana iya sauka inda ba zai sake karɓar caji ba. Kada kuma ka bar shi a jone dare da rana. In za ka ajiye jitar, ka bar ta da kusan rabin caji, duk bayan wata biyu ko uku ka ɗan ƙara. Ba a cajin lithium a zafin da ya wuce digiri 45, kuma a watan Afrilu a Kano inuwa ma kan haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano da azahar. Ka yi caji da daddare ko da sassafe, a wajen jakar jitar. Ni na fi yarda da fawa bank a kan jona ta kai tsaye da wutar janareta mai hawa da sauka, kuma caja mai arha tana sa gurnani in kana kaɗawa ta lasifika tana jone. In ka ga mazaunin batir ya ɗago, ko ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko wurin ya yi zafi fiye da kima, ka daina caji nan take ka kai a cire. Batir mai kumburi a cikin akwatin busasshen katako ba abin jira ba ne.

Hunturu da damina

Masu ƙera jita suna so danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Da hunturu a nan yakan sauka ƙasa da 20. Katako ya tsuke, gefen ƙarafunan wuya su fara yankar yatsa, fuskar jitar ta iya tsagewa, sandunan ciki su saki, sai ka ji ziza duk lokacin da ka kunna eko. Abin da nake yi: soso a cikin kwanon sabulu na roba da na huda wa murfi, in jiƙa shi in matse sosai har ba ya ɗiga, in sa shi a jakar jitar wajen kanta, nesa da mazaunin batir. Katakon ke buƙatar danshi, lantarkin ba ya so, don haka danshi a iska, ba ruwa a jiki ba. Da damina abin juyawa yake, sai in cire soson in zuba 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi.

But ɗin mota da rana kuwa maƙiyin su duka ne. Gam ɗin jita yana laushi, mannen jakar batir yana saki, batirin bolt 9 ya faɗo ya riƙa birgima a ciki yana dukan katako yana tsinke wayoyi. Kafin doguwar tafiya ka cire shi ka sa a aljihun jaka, bakinsa a rufe da salatif don kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi.

Wanda kuma duk wannan ya ishe shi, akwai fikof da ba ya cin batir sam, irin K&K Pure Mini, 'yan fayafai uku da ake mannawa ƙarƙashin jakin ta ciki. Ekon sai ya zo daga wajen mai sauti. Jitar da na fi fita aiki da ita irin wannan ce. Mai magirgizar galibi ta gida ce da aji.

Ranar fita

Daren jajibiri nake cajin batirai in gwada su a mita. Duk taron da aka biya ni, in da jita mai batir zan fita, da sabon batir ko cikakken caji nake hawa, wanda na cire kuma ya koma na atisaye. A aljihun jakar kullum akwai AA biyu, bolt 9 ɗaya ko da ba tawa ce za ta buƙata ba, wayar jita ta biyu, da ƙaramin sukudireba. In aka yi dogon jawabi tsakanin waƙa da waƙa, sai in yi wa mai sauti alama ya rufe layina sannan in zare waya, don zarewa layi a buɗe yana sa lasifika ta yi tsawa.

In kuma duk da haka wuta ta ɗauke maka ana tsakiyar waƙa, kada ka tsaya buɗe murfi a gaban mutane. Ka jawo makirfo mafi kusa, ka saita shi inda wuyan jitar ya haɗu da jikinta, tazarar kamar taƙi ɗaya. Kada ka sa shi a bakin ramin, gurnani zai yi. Ka ɗaga wa mai sauti kai ya buɗe shi, ka ci gaba daga baitin da ka tsaya.